Na Gaskiya da Sojan Gona: Jinsi, Sha'awa da Soyayya a Bakin Masoya Kiɗan Ƙarfe

A ƙarshen shekarun 1960 da farkon shekarun 1970 wasu nau'o'in kiɗa guda biyu suka tsiro a Ingila daga saiwa ɗaya, wato kiɗan rok, wanda samari ke yi da gita mai aiki da lantarki da jerin ganguna da murya mai ƙarfi. Na farkon shi ne wanda masoyansa ke kira furog a taƙaice, ma'ana rok mai neman zarce iyakar da aka saba tsayawa, wanda ya aro tsari daga kiɗan manyan zaurukan Turai da kuma jaz, yake jan waƙa ɗaya har ta cinye fuska guda ta faifan garmaho, yake kuma sauya ma'aunin bugu a tsakiyar tafiya ta yadda ƙafar mai rawa ba za ta iya bin sa ba. Faifan farko na ƙungiyar King Crimson, wanda ya fito a 1969, shi ake yawan ɗauka a matsayin mafarinsa, sannan Yes da Genesis da Jethro Tull da Rush ta ƙasar Kanada suka faɗaɗa shi. Na biyun shi ne metal, kiɗan ƙarfe, mai nauyin sauti da ƙarar da ke girgiza ƙirji, wanda aka haifa a Birmingham, birnin masana'antu, lokacin da Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a watan Fabrairun 1970. Makaɗin gitarta, Tony Iommi, ya rasa kan yatsunsa biyu ne a injin wata masana'antar ƙarfe, kuma sassauta tsirkiyar gita da ya riƙa yi don rage wa yatsun zafi na daga cikin abin da ya ba kiɗan nauyinsa. Asalin biyun bai zo ɗaya ba, domin waɗanda suka kafa Genesis sun haɗu ne a Charterhouse, makarantar kwana ta 'ya'yan masu hali, alhali 'yan Black Sabbath 'ya'yan ma'aikata ne na unguwar Aston, amma jama'ar da ta taru a bayan kowannensu ta yi kama ta fuska biyu: akasarinta maza ne, kuma tana da kalma ɗaya da take auna kowa da ita.

Kalmar ita ce “na gaskiya”, akasinta kuma “jabu”. Masoyi na gaskiya, a fahimtar wannan jama'a, shi ne wanda ya zo don kiɗan kansa, wanda ya san shi tun kafin ya yi kasuwa, wanda kuma zai ci gaba da riƙe shi bayan kasuwar ta watse. Shi kuwa wanda ya saka baƙar riga mai tambarin ƙungiya ba tare da ya san abin da ke cikin faifanta ba, sojan gona ne a wurinsu, kuma ba su da zagin da ya fi wannan zafi. Manowar, ƙungiyar Amurka da aka kafa a 1980, ta mai da wannan rarrabewa kirarinta, tana kiran mutuwa ga ƙarfen jabu, tana kuma kiran masoyanta 'yan'uwa da mayaƙa. A ɓangaren furog ma'aunin ya fi karkata ga sani, wato wa ya kaɗa ganga a faifai kaza, a wace shekara mai gita ya fice, bugu nawa ke cikin wane sashe, yayin da a ɓangaren ƙarfe ya fi karkata ga juriya da riƙon amana. Sai dai a duka biyun abin da ake son ganowa niyya ce, wato dalilin da ya kawo mutum, kuma da yake niyya a zuciya take, ba mai iya leƙa ta, sai aka koma ga alamomin zahiri irin su tsawon gashi da tsufan riga da yawan faya-fayan da mutum ya tara. Alamar da ido ke fara gani kafin duk waɗannan ita ce jinsi, kuma ta nan ne tambayar ko mutum na gaskiya ne ta sarƙe da tambayar ko namiji ne ko mace, da ta wa yake sha'awa, da ta ko waƙar soyayya tana da gurbi a wannan kiɗa.

Wanda ya bi jigogin waƙoƙin zai tarar cewa soyayya, wadda waƙar kasuwa ba ta rabuwa da ita a kowace ƙasa, ta yi ƙaranci a nan ƙwarai. Marubutan furog sun fi son tatsuniyoyin mutanen dā da labaran sararin samaniya da tambayoyin falsafa, har Rush ta ba da fuska guda ta faifanta na 1976 mai suna 2112 ga labarin wani mutum da ya tsinci tsohuwar gita a duniyar da masu mulkinta ba sa son kowa ya yi tunanin kansa. Mawaƙan ƙarfe irin su Iron Maiden kuwa sun fi son yaƙe-yaƙen tarihi da mutuwa da mafarkai masu firgitarwa. Robert Walser, masanin kiɗa ɗan Amurka, ya nuna a littafinsa Running with the Devil na 1993 cewa kiɗan ƙarfe yana da hanyoyi huɗu na fuskantar mace, wato ƙasƙantar da ita, da shafe ta, da aron kamanninta, da rera mata waƙar ƙauna, kuma ta biyun ce ta fi tona halin wannan jama'a. Shafewa a nan tana nufin gina duniyar da babu mace a cikinta sam, duniyar babura da doguwar hanya da takubba da abokan tafiya, inda saurayi ke samun hutu daga fargabar a ƙi shi ko a juya shi. Edward Macan, a nasa littafin Rocking the Classics na 1997, ya lura cewa dogayen waƙoƙin furog suna kai-komo tsakanin sassa masu ƙarar lantarki, waɗanda ake ji a matsayin na maza, da sassa masu taushi na sarewa da gitar katako, waɗanda ake ji a matsayin na mata. Ke nan an buɗe wa taushi ƙofa a matsayin sauti, maza ne kuma ke kaɗa shi, amma ita mace mai jiki da ra'ayi ba a tanadar mata wurin zama ba. Lamarin ya yi kama da majalisar samari ta ƙofar gida, inda ba wanda ya taɓa kafa dokar hana mace zama, amma tsarin zaman da irin hirar sun riga sun nuna cewa ba a sa ran zuwanta, in kuma ta zo sai kowa ya ɗauka saƙo ta kawo ko wani take nema.

Kuskure ne a ɗauka cewa wannan duniya ba ta da ƙauna, domin ƙauna ce ta cika ta, sai dai an sauya mata suna an kira ta 'yan'uwantaka. A taron kiɗan ƙarfe maza da ba su taɓa ganin juna ba suna runguma, suna rataya hannu a kafaɗar juna, wasu suna zubar da hawaye a fili idan aka kaɗa waƙar da suka girma da ita, abubuwan da al'adar mazan Ingila da Amurka ba ta cika yarda da su a wani wuri ba in ban da filin ƙwallo. A da'irar turereniya da ake buɗewa a gaban dandamali, inda samari ke gwara kafaɗu da gangan, akwai ƙa'idar da kowa ya sani ko da ba a rubuta ta ba, cewa duk wanda ya faɗi a ɗaga shi nan take. Fim ɗin barkwanci na Amurka I Love You, Man na 2009 ya gina labarinsa a kan wannan ƙulli: mutum ne da aurensa ya ƙarato ya rasa wanda zai tsaya masa a matsayin babban abokin ango, ya ci karo da wani, son Rush ya haɗa su, har suka je taron ƙungiyar tare da amaryar, suka shagala da juna suka bar ta tsaye tana kallon ikon Allah. Masu kallo sun yi dariya ne saboda sun gane hoton, kamar yadda masoya furog da kansu ke maimaita tsohon barkwancinsu cewa a taronsu ne kaɗai layin banɗakin maza ya fi na mata tsawo.

Macen da ta shigo wannan fili takan tarar an riga an raɗa mata suna. Kalmar gurufi, wadda ta bazu a ƙarshen shekarun 1960, tana nufin yarinyar da ke bin makaɗa daga gari zuwa gari don neman kusantar jikinsu, kuma ko da yake waɗanda suka yi wannan rayuwa 'yan kaɗan ne, inuwar kalmar ta rufe kowace mace da ta tsaya kusa da dandamali. Kalmar ta yi wani aikin da ya fi wannan muni, domin tarihin shekarun 1970 yana ɗauke da 'yan matan da ba su kai shekarun da doka ta amince ba waɗanda manyan taurari suka yi amfani da su, sunan kuma ya taimaka wajen mayar da laifin kan yaran. Mai sauƙin cikin zarge-zargen shi ne cewa 'yar rakiya ce, wato saurayinta ne ya jawo ta. Daga nan aka sami jarrabawar da mata masoya ƙarfe ke yawan ba da labarinta, inda wani baƙo zai tare mace mai sanye da rigar ƙungiya ya ce ta kawo sunayen waƙoƙinsu uku, alhali ya riga ya yanke hukunci, jira kawai yake ta yi in'ina ta tabbatar masa. Rosemary Lucy Hill, masaniyar zamantakewa 'yar Birtaniya, ta nazarci shafin wasiƙun masu karatu na mujallar Kerrang!, ta kuma tattauna da mata masoya wannan kiɗa, kuma a littafinta na 2016 ta nuna cewa ana riƙe da tatsuniyoyi biyu masu karo da juna a lokaci guda, cewa kowa daidai yake a gidan ƙarfe, da cewa mace mawaƙin take kallo, ba waƙar take ji ba. Matan da ta ji daga bakinsu sun yi bayanin sautin gita da tafiyar waƙa da abin da kiɗan ke tayar musu a rai, wasunsu kuma ba su ɓoye cewa sha'awa na cikin daɗin sauraron ba, ba su kuma ga dalilin da zai sa ɗayan ya soke ɗayan ba. A nan ne raunin ma'aunin yake, domin ya ɗauka cewa sauraro na gaskiya shi ne wanda sha'awa ba ta taɓa shi ba, alhali saurayin da ya manna hoton mai gita ba riga a bangon ɗakinsa, ya kwaikwayi tsayuwarsa da gashinsa da yadda yake karkata ƙugu, ba wanda ya taɓa tambayarsa me yake kallo.

Soyayyar da ke ƙulluwa tsakanin masoyan kansu tana ɗauke da wannan rashin daidaito ta hanya mai laushi. A zamanin kaset saurayi kan zauna ya naɗa wa budurwa zaɓaɓɓun waƙoƙi, ya rubuta sunayensu da hannu a bayan kwalin, kuma kyautar fuska biyu gare ta, tana nuna ƙauna tana kuma zama darasi, domin mai bayarwa ya ɗauki kansa malami. In daga baya ta fi shi sanin ƙungiyar, jama'a za su ci gaba da cewa shi ya koya mata. Kusan kowane namiji a wannan fage wani ne ya fara sa masa faifai, wansa ko abokin makaranta ko mai shagon faya-fayai, amma ba a kiransa ɗan rakiyar wansa, domin a wurinsa ana ɗaukar abin gādo, a wurinta ana ɗaukarsa aro. Duk da haka, kasancewar kiɗan na 'yan tsiraru ne ya sa haɗuwa da wanda ke son sa ta zama abu mai daraja, har baƙar riga a cikin taron jama'a takan yi aikin gaisuwa tun kafin a buɗe baki. Bikin da ake yi tun 1990 a Wacken, wani ƙauye a arewacin Jamus, wanda a shekarun bayan nan kan tara mutane sama da 70,000, da tarukan ƙarshen mako da ƙungiyar furog ta Marillion ke shirya wa masoyanta tun 2002, sun cika da ma'auratan da gashinsu ya yi furfura, waɗansu da 'ya'yansu a gefe. Ita Marillion ɗin ta ɗauki sunan da Turawan Ingila ke tsokanar irin masoyanta maza da shi, wato anorak, rigar ruwa wadda ta zama laƙabin mutumin da ya dulmuya cikin tara bayanai a kan abu guda har hulɗa da jama'a ta gagare shi, ta saƙa shi cikin sunan faifanta na 2001, Anoraknophobia, wanda masoya sama da 12,000 suka biya kuɗinsa tun kafin a naɗe shi.

Matar mawaƙi ma tana da nata rabon zargin. Fim ɗin This Is Spinal Tap na 1984, wanda ke zolayar wata ƙirƙirarriyar ƙungiyar ƙarfe, ya sa rikicin ƙungiyar ya tsananta ne lokacin da budurwar mawaƙin ta karɓi aikin manaja, kuma abin da fim ya yi da wasa ya faru da gaske a 1996, sa'ad da sauran 'yan Sepultura ta Brazil suka nemi sallamar manajarsu Gloria, matar mawaƙinsu Max Cavalera, shi kuma ya zaɓi ficewa ya bar ƙaninsa Igor a ciki, 'yan'uwan biyu suka shafe kusan shekara goma ba sa magana. A 2005 ƙungiyar Nightwish ta Finland ta sallami mawaƙiyarta Tarja Turunen ta hanyar buɗaɗɗiyar wasiƙa, wadda ta ɗora babban laifi a kan tasirin mijinta. A duk waɗannan labaran ana ɗaukar ƙungiya a matsayin alƙawari na farko, aure kuma baƙo ne da ya zo daga baya, shi ya sa ko Sharon Osbourne, wadda ta sake gina sunan mijinta, mawaƙi Ozzy, bayan Black Sabbath ta kore shi a 1979, ta kuma kafa bikin Ozzfest a 1996, da rabin baki masoya da yawa ke yaba mata.

Zargin da ya fi kowanne nauyi shi ne na cin amana, kuma babu abin da ke jawo shi kamar waƙar soyayya. Bayan ficewar mawaƙinta Peter Gabriel a 1975 da mai gitarta Steve Hackett a 1977, Genesis ta fitar a 1978 da “Follow You Follow Me”, gajeriyar waƙar ƙauna wadda ita ce ta fara shigar da ƙungiyar cikin goman farko na jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya, kuma 'yan ƙungiyar sun sha faɗa cewa daga lokacin ne suka fara ganin mata da yawa a taronsu. Ga wani sashe na tsoffin masoya, gajartar waƙar da nasararta da zuwan matan duk shaida ɗaya ce ta lalacewa. Marillion ta tsira daga irin wannan hukunci a 1985, lokacin da “Kayleigh”, wadda mawaƙinta Fish ya rubuta yana nadama a kan rabuwa da wata tsohuwar budurwarsa, ta kai matsayi na biyu har iyaye a Birtaniya suka shiga raɗa wa 'ya'yansu mata sunan, kuma abin da ya cece ta shi ne cewa waƙar sashe ce ta wani dogon faifai mai jigo ɗaya, Misplaced Childhood, wanda ya ba ta mutuncin furog. Metallica ta sha zargi tun 1984 a kan “Fade to Black”, wadda ba ma ta soyayya ba ce, laifinta kawai ta fara da gitar katako, kafin 1991 ta zo da “Nothing Else Matters”, wadda mawaƙinta James Hetfield ya tsara yana kewar budurwarsa a kan hanyar rangadi, ba da niyyar kowa ya ji ta ba, kuma a yau tana cikin waƙoƙin da ma'aurata masoya ƙarfe ke sawa a bikinsu. Abin lura shi ne harshen da ake yin zargin da shi. Masoyin da ya fusata cewa yake sun canza, sun yaudare mu, kuɗi ya shiga tsakaninmu, na rabu da su tun faifai kaza, wani lokaci kuma ya ce ya yafe musu sun shirya. Waɗannan kalmomin wanda aka yi wa alƙawari aka saɓa ne, kuma mutumin da ke raina waƙar soyayya yana amfani da harshenta gaba ɗaya a kan maza huɗu da ke bisa dandamali.

Sutura ta ƙara dagula lissafin. Dogon gashin da ya zama shaidar mazantaka a wannan fage shi ne abin da iyayen shekarun 1960 ke gani a matsayin kamannin mata, haka ita ma siririyar murya mai tsananin tsayi da mawaƙan ƙarfe ke alfahari da ita. A watan Satumban 1972, a wani zauren dambe a Dublin, Peter Gabriel ya fito dandamali sanye da jar rigar matarsa da kan yanyawa, masoya furog suka karɓi abin a matsayin wasan kwaikwayo. A shekarun 1980 ƙungiyoyin Los Angeles irin su Mötley Crüe da Poison suka ɗauki jan-baki da kwalli da hoda da matsattsun kaya, har hoton da ke bangon faifan Poison na 1986 ya ruɗi wasu suka ɗauka 'yan mata ne. Masoya ƙarfe mai sauri da zafi suka mai da su abin misali na jabu, suna jifansu da zagin da ake yi wa masu neman jinsinsu, alhali waɗannan masu kwalliyar su ne waƙoƙinsu ba su da batu sai mata, su ne kuma mata suka fi cika taronsu. Ke nan zagin rashin mazantaka ya faɗa kan waɗanda suka fi kowa bin mata, lambar mazantaka kuma ta tafi ga salon da ya shafe mace baki ɗaya.

Tufafin wannan salo Judas Priest ce ta kafa su, wata ƙungiyar Birmingham, wajen 1978: baƙar fata daga sama har ƙasa, ƙusoshin ƙarfe, sarƙoƙi, hular fata, bulala, da babur Harley-Davidson da mawaƙinta Rob Halford ke hawa zuwa tsakiyar dandamali. Samari a Turai da Amurka da Japan suka ɗauki wannan shiga a matsayin ƙololuwar mazantaka, kuma gajeren fim ɗin Heavy Metal Parking Lot, wanda aka ɗauka a 1986 a wajen zauren taron ƙungiyar a jihar Maryland, ya nuna samari na yabon Halford, har wata budurwa tana bayyana sha'awarta gare shi ba kunya. A watan Fabrairun 1998, yana hira da tashar MTV, Halford ya bayyana cewa shi mai sha'awar maza ne, kuma haka yake duk tsawon rayuwarsa. A lokacin yana waje da ƙungiyar tun 1992, da ya koma a 2003 kuma jama'ar ta karɓe shi da hannu biyu. Masana irin su Amber Clifford-Napoleone, a littafinta na 2015, sun nuna cewa shigar fata da ƙusa tana da tsohuwar alaƙa da wuraren haɗuwar maza masu neman maza a manyan biranen Turai da Amurka, kuma irin waɗannan mutane ba baƙi ba ne a kiɗan ƙarfe tun farkonsa; shi Halford kuwa, a tarihin rayuwarsa Confess na 2020, ya musanta cewa ya tsara shigar ne don ta isar da saƙon sha'awarsa, ya ce ta dace ne da sautin kiɗan. Maganganun biyu za su iya zama gaskiya tare, domin ma'anar riga ba mallakin mai saka ta ba ce shi kaɗai, kuma shekara 20 ana karanta tufafi ɗaya ta hanya biyu a zaure ɗaya, kowane ɓangare yana ganin abin da ya zo da shi. Tun a 1977 ya ambaci tsibirin Fire Island na kusa da New York, sanannen wurin hutun irin waɗannan mazan, a waƙar “Raw Deal”, yawancin masu sauraro kuma suka wuce ba su lura ba. Karɓar da aka yi masa tana da iyaka da ya kamata a gani, domin an karɓe shi ne bayan ya riga ya zama ma'aunin da ake auna wasu da shi, ta yadda korarsa daga sahun na gaskiya za ta rushe sahun kansa, kuma saurayin da ba kowa ba ne a tsakiyar taro ba shi da wannan garkuwa.

Wani gefen tarihin ya fi duhu. A 1992, a garin Lillehammer na Norway, Bård Eithun, mai ganga a Emperor, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin baƙin ƙarfe, wato reshen da ya fi kowanne tsanani da son nuna ƙiyayya ga al'umma, ya kashe wani mutum mai neman maza da wuƙa, aka yanke masa ɗaurin shekara 14. A cikin wannan reshe ne kuma Gaahl, mawaƙin Gorgoroth da ake ji da shi saboda tsananinsa, ya bayyana a 2008 cewa shi ma maza yake sha'awa. Paul Masvidal da Sean Reinert na ƙungiyar Cynic ta Florida, waɗanda faifansu Focus na 1993 ya haɗa ƙarfe mai gurnani da jaz da tsarin furog, ba su yi magana a fili ba sai 2014, fiye da shekara 20 bayan sun yi suna.

Mata makaɗa sun daɗe a fagen, daga Sonja Kristina ta Curved Air da Annie Haslam ta Renaissance a farkon shekarun 1970, zuwa Girlschool da aka kafa a Landan a 1978, zuwa Bajamushiya Doro Pesch da ta jagoranci Warlock a bikin Monsters of Rock na Donington a 1986, amma kasuwa ta tattara su ƙarƙashin laƙabi guda, “mai mace a gaba”, ta kuma mai da shi kamar sunan nau'in kiɗa. Ƙarƙashinsa ake jera mai muryar ofera da mai gurnani da mai waƙar gargajiya, waɗanda babu abin da ya haɗa sautinsu, kuma ba a taɓa jin an kira wata ƙungiya mai namiji a gaba ba. Wasu mawaƙa sun ɗauki laƙabin tsani, musamman da bikin Metal Female Voices Fest da aka fara a Beljiyam a 2003 ya ba su dandamali, wasu kuma suna ganinsa shinge. Salon da ake kira kyakkyawa da dodo, wanda Theatre of Tragedy ta Norway ta shahara da shi a tsakiyar shekarun 1990, ya raba aikin ta tsohuwar hanya, mace na rera zazzaƙar murya namiji na gurnani, har Angela Gossow ta shiga Arch Enemy ta yi gurnanin da kanta a faifan Wages of Sin na 2001, yabon da aka fi yi mata kuma shi ne cewa ba a bambanta muryarta da ta namiji. A watan Oktoban 2025 Geddy Lee da Alex Lifeson na Rush suka sanar cewa ƙungiyar za ta koma dandamali, kuma Bajamushiya Anika Nilles ce za ta zauna a kujerar gangunan Neil Peart, wanda ya rasu a 2020. A can Indonesiya kuma, Voice of Baceprot, 'yan mata Musulmi uku masu saka hijabi daga Garut ta yammacin Java, waɗanda suka fara kiɗa suna makaranta a 2014, suka kuma zama ƙungiyar ƙasarsu ta farko da ta hau dandamalin bikin Glastonbury a 2024, sun fuskanci tambayar niyya daga ɓangare biyu, domin a gida wasu sun ce kiɗan bai dace da mai hijabi ba, a Turai kuma 'yan jarida sun fi tambayarsu game da hijabin fiye da kiɗan, har mawaƙiyarsu ta koka da hakan a bainar jama'a a rangadinsu na 2021.